Makonni Takwas a Ajin Horon Natsuwa: Abin da Na Samu da Abin da Aka Rufe Mana

Tun daga daminar 2022, lokacin da kogin Haɗeja ya cika ya batse ya shafe gonakin shinkafa a yankinmu na Ringim da Taura, barci ya daina zuwar mini yadda ya saba. Ni malamin firamare ne, kuma kamar yawancin malaman karkara, albashi ba ya riƙe mini gida sai na haɗa da noma. Da ruwa ya tafi da shinkafar da na ci bashin taki da iri a kanta, sai na zama mutumin da yake kwanciya bayan lisha ya yi ta lissafi da saƙe-saƙe har zakara ya yi cara. Daga baya aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau, aka ɗora ni a kan magani. Ina cikin wannan hali ne a lokacin sanyin da ya wuce aka liƙa takarda a ofishin ilimi cewa wata ƙungiya daga Kano za ta buɗe ajin koyar da natsuwa da rage damuwa domin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, kowace Asabar daga ƙarfe goma zuwa sha biyu da rabi, har tsawon makonni takwas, a kan naira 12,000. Na biya, na halarci dukkan zaman in ban da guda ɗaya, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne yadda na tarar da aikin nasu. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, domin tsarin da suke bi ba nasu ba ne su kaɗai, kuma duk wanda ya ga irin wannan talla a garinsu kusan abu ɗaya zai je ya tarar.

Mu ashirin da uku muka fara, a wani aji na makarantar sakandare da aka kwashe bencinansa aka shimfiɗa tabarmi. Malamar, mace mai matsakaicin shekaru da ta ce ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam, ba ta buɗe da lacca ba. Ta zagaya da faranti ta ba kowa dabino guda ɗaya, ta ce kada wanda ya kai baki sai ta ba da izini. Ta umarce mu mu dube shi kamar ba mu taɓa ganin dabino ba, mu jujjuya shi a tafin hannu, mu lura da yadda fatarsa ta yamutse da inda ya yi duhu da inda haske yake ratsa shi, mu shinshina, sannan mu kai shi kusa da kunne mu matsa a hankali. A nan ne wani tsohon hedimasta ya kasa daurewa ya ce, "Malama, yau kuma dabino za mu saurara?" Aka yi dariya, ita ma ta yi murmushi ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da ni minti biyar." Bayan haka ta ce mu aza shi a kan harshe ba tare da tauna ba, mu ji yadda yawu yake taruwa, mu gatsa sau ɗaya mu tsaya, mu lura da yadda maƙogwaro yake ƙagara ya haɗiye tun kafin mu ba shi dama. Kusan minti goma muka yi a kan dabino ɗaya. Na shafe shekaru sama da talatin ina buɗa baki da dabino a watan azumi, amma sai ranar na san cewa akwai wata siririyar farar fata da take lulluɓe da ƙwallonsa, kuma zaƙinsa ba lokaci ɗaya yake zuwa ba, yana farawa ne kaɗan sannan ya cika baki. Wannan darasi shi ne mafi kyau a cikin dukkan makonnin, domin ya nuna mini a aikace abin da bayanin awa biyu ba zai nuna ba, wato yawancin abin da nake yi a rayuwa jikina ne yake yinsa alhali hankalina yana wani wuri. Daga baya na gano cewa a ainihin tsarin zabibi ake bayarwa, kuma sauya shi da dabino dabara ce da ta cancanci yabo.

Sai dai ba a ko'ina suka yi irin wannan lura ba. A ranar farkon ce aka ce kowa ya kwanta rigingine a tabarma domin abin da suka kira zagayen jiki, inda mutum zai bi jikinsa da hankali tun daga yatsun ƙafar hagu har zuwa tsakar ka, yana lura da abin da yake ji a kowace gaɓa. Maza da mata a ɗaki ɗaya, a ƙauyen Jigawa, a ce su miƙe su kwanta. Matan suka dubi juna suka zauna daram, mu ma muka sunkuyar da kai. Sai a mako na biyu aka raba aji, mataimakinta namiji ya ɗauki maza a wannan sashe. Mutanen da suka fito daga Kano bai kamata a ce sai an nuna musu wannan ba, kuma mata uku da ba su sake dawowa ba ina kyautata zaton a nan aka rasa su. Shi kansa zagayen jikin yana da amfani, ko da yake rabin mazan barci yake kwashe su kafin a kai gwiwa, har minshari yakan rufe muryar mai jagora.

Aikin gida ma ba a auna shi da rayuwarmu ba. An turo mana sautin murya ta WhatsApp mai tsawon minti 45, aka ce kowa ya riƙa bi sau ɗaya a rana, kwana shida a mako. Hausar da ke cikinsa ana ji an san daga takarda aka juyo ta, irin wadda ba mai faɗinta a gida ko a kasuwa, har wani lokaci sai hankali ya bar numfashi ya koma gyaran jimla. Garinmu ba kullum ake samun wuta ba, waya tana wuni a shagon mai caji, kuma a gidan da ake daka da sussuka da kukan yara da awaki, wurin da ba hayaniya sai masallaci bayan asuba ko kuma gona. Wata ma'aikaciyar jinya ta faɗi gaskiyar da muke ɓoyewa, ta ce, "Malama, ni da yara bakwai da aikin dare, ina zan samo minti arba'in da biyar da ba mai kiran sunana?" Amsar da aka ba ta ita ce ta yi iya ƙoƙarinta. Da sun tanadi gajeren sauti na minti goma, da mutane da yawa sun ɗore.

A mako na uku aka shiga zaman lura da numfashi, kuma a nan ne na fara cin moriyar kuɗina. Umarnin ba shi da wuya a baki. Mutum ya zauna ya miƙe bayansa, ya sa hankalinsa a inda iska take shiga da fita, ko a bakin hanci ko a tashi da saukar ciki, kada ya ja numfashin kada ya riƙe shi, ya bar shi yadda yake. Idan ya farga hankalinsa ya tafi, ya lura da inda ya je, sannan ya dawo da shi ba tare da ya zargi kansa ba. Malamar ta nanata cewa tafiyar hankali ba kuskure ba ce, dabi'arsa ke nan, kuma fargar da dawowar su ne ainihin horon. Na gwada ƙirga numfashi zuwa goma, ban taɓa wuce huɗu ba sai in tsinci kaina a shagon mai taki ina ba shi haƙuri, ko a gaban allo ina jayayya da wani sufeto a kan maganar da aka gama shekara biyu da suka wuce. Ban san zuciyata tana da irin wannan yawon ba sai da aka sa ni na zauna na yi gadinta.

Abin da ya fi girgiza ni ya faru ne a sallar la'asar ta wata Laraba. Na yi kabbara, na fara Fatiha, sai wannan sabon sabo na farga ya kama ni a tsakiyar raka'a ta biyu ina lissafin buhunan da zan samu idan na yi noman rani. Na dawo, na sake tafiya, na sake dawowa. Kafin in yi sallama na ƙirga fita bakwai. Ba ranar ce hankalina ya fara fita daga salla ba, shekara da shekaru yana fita, amma ranar ce na fara kama shi yana fita. Na tuna da abin da muka karanta muna yara a Ahalari, cewa salla tana da wani haske mai girma da yake haskaka zukatan masu yinta, kuma ba mai samunsa sai masu kushu'i. Mun haddace wannan, an kuma sha yi mana wa'azi a kan halarto da zuciya, amma ban taɓa samun wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda ake yi mataki-mataki ba, ga abin da za ka yi idan ta kuɓuce, kuma kada ka ɓata sauran sallar wajen jin haushin kanka. Wannan gurbi ne ajin ya cike mini, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

A mako na huɗu wani dattijo malamin Arabiyya, wanda tun farko yake zaune a gefe yana jan carbi, ya yi tambayar da ta kamata a amsa tun ranar rajista. Ya ce, "Malama, kowane ilimi yana da silsila. Wannan da kike koya mana, daga wa kika karɓa, shi kuma daga wa ya karɓa?" Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan binciken kimiyya ne daga likitocin Amurka, ba shi da alaƙa da kowane addini." Rabin amsar gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne babban abin da nake tuhumar ƙungiyar da shi.

Tsarin makonni takwas ɗin, da zabibinsa da zagayen jikinsa da aikin gida na minti 45, wani Ba'amurke ne mai suna Jon Kabat-Zinn ya tsara shi a 1979 a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts, domin marasa lafiyar da suke fama da ciwo mai daɗewa wanda magani ya kasa. Masanin kimiyyar halittu ne, wannan gaskiya ne. Amma kuma ɗalibi ne na malaman addinin Buddha, cikinsu har da wani malamin ɗariƙar Zen ɗan ƙasar Koriya mai suna Seung Sahn, kuma shi da kansa ya bayyana cewa da gangan ya kauce wa kalmomin addinin domin kada likitoci su yi watsi da aikin. Lura da numfashi da bin jiki gaɓa-gaɓa suna cikin tsofaffin koyarwar da ake danganta wa Siddhartha Gautama, wanda aka fi sani da Buddha, da aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nefal ta yanzu kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma yi rayuwarsa a arewacin Indiya. Na daɗe ina mamakin yadda abin ya fita daga hannun masu zaman zuhudu ya shiga hannun talakawa, ashe a Bama aka yi wannan, ƙasar da kakanninmu suka je yaƙi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda yanzu ake kira Miyanma. Bayan Ingila ta tumɓuke sarkin ƙasar a 1885, malamai irin su Ledi Sayadaw suka ji tsoron addininsu zai rasa mai riƙe shi, sai suka fara koya wa manoma da 'yan kasuwa abin da a da ya fi yawa a gidajen ibada. Daga can ne S. N. Goenka, haifaffen Bama, ya kai zaman shiru na kwana goma zuwa Indiya a 1969, kuma ta irin waɗannan hanyoyi samarin Amurka suka ɗauko shi suka kai gida. Wannan ita ce silsilar da dattijon ya tambaya, kuma ba abin kunya a cikinta. Musulmi ya karɓi lissafi da magani daga Indiya da Girka tun zamanin Abbasiyawa. Amma ya karɓa ne yana sane da inda suka fito, ya tace abin da zai tace. Wanda aka rufe wa asali an hana shi damar tacewa, kuma ranar da ya gano da kansa zai zargi har abin da ba laifi a cikinsa. Haka kuwa aka yi, domin mutum biyu sun daina zuwa bayan wani ya binciko maganar a wayarsa ya yaɗa.

Akwai wata kalma da ta tsaya mini a rai. Wannan horon natsuwa, wanda Turawa suke kira maindifulnes, a harshen Pali da aka rubuta tsofaffin littattafan Buddha sunansa sati, kuma wani Bature mai suna Rhys Davids ne ya zaɓa masa wancan suna na Ingilishi a 1881. Asalin ma'anar sati ita ce tunawa. Duk wanda ya zauna a gaban malami ya san cewa zikiri ma tunawa yake nufi, kuma aya ta 28 a Suratur Ra'adi ta ce da ambaton Allah zukata suke natsuwa. Ɗuma'nina, wato gaɓoɓi su natsu a kowane rukuni, tana cikin farillan salla a mazhabarmu ta Malikiyya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u a kan muraƙaba da muhasaba, wato tsaron zuciya da yi wa kai hisabi. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin ɗariƙar Naƙshabandiyya shi ne kada mutum ya bar numfashi ɗaya ya fita cikin gafala, kuma a Kano 'yan Ƙadiriyya suna da zikirin anfasu, wanda sunansa ma daga kalmar Larabci ta numfashi ya fito. Hatta hadisin da ya ce mai fushi idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta, horo ne na lura da jiki kafin harshe ya yi ɓarna. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka ambata a ajin sai da mu muka kawo su, alhali da su aka buɗe ƙofa da mutane sun shiga da zuciya ɗaya.

Ba ina cewa duk abu ɗaya ba ne, kuma masu gaggawar cewa haka suna zaluntar ɓangarorin biyu. Mai bin Buddha yana lura da numfashi ne domin ya gane cewa komai mai gushewa ne, babu wani tabbataccen kai a cikin mutum, har ya kuɓuta daga maimaita haihuwa da mutuwa da suka yi imani da shi, kuma koyarwarsa ba ta ginu a kan Mahalicci ba. Musulmi yana halarto da zuciya ne domin ya bauta wa Allah kamar yana ganinsa, idan shi ba ya ganinsa to Shi yana ganinsa. Kowannensu yana da abin da yake tunawa. Ajin da muka shiga ya cire na farkon bai sa komai a gurbinsa ba, ya koya mana dawowa bai ce ga inda za a dawo ba in ban da numfashin kansa. A asibitin da ke karɓar mabiya kowane addini wannan hikima ce, kuma na fahimci dalilinta. Amma a gare ni numfashi turke ne kawai da ake ɗaure dabba kafin a kai ta inda za a kai ta, kuma ni na ɗora masa istigfari da hailala da kaina. Dattijon Arabiyyan ya ci gaba da zuwa har ƙarshe, ya ce shi bai ga abin da ya saɓa wa shari'a a zama shiru da lura da numfashi ba matuƙar ba a kira wani abin bauta ba, amma ya fita daga ɗakin a ranar da aka zo motsa jiki na yoga.

A kan yogar ba zan daɗe ba. Miƙe-miƙe ne masu sauƙi na wuya da kafaɗa da baya, ba waƙa ba kirari, kuma sun taimaki ƙuguna. Amma asalinta daga addinin Hindu ne, kuma malaman Musulunci sun yi magana a kanta. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yinta a 2008, ta Indonesiya kuma a 2009 ta haramta wadda ta ƙunshi karance-karancen ibadar Hindu ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Wannan ma bayani ne da ya kamata a gabatar a bar kowa ya zaɓa.

Takardar tallan ta yi alkawarin da ya fi ƙarfin abin da aka tabbatar, domin ta ce horon yana maganin hawan jini da rashin barci da ciwon damuwa. A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka ga akwai matsakaiciyar hujja cewa irin wannan horo yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo, amma hujjar ba ta isa ba a kan barci, kuma ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 wani gwaji da masana na Jami'ar Georgetown suka jagoranta a kan mutum 276 ya nuna cewa makonni takwas ɗin sun yi daidai da wani sanannen maganin fargaba. A shekarar dai, wani babban gwaji a makarantu 84 na Birtaniya, da ɗalibai sama da 8,000, ya nuna darussan natsuwa ba su fi darussan da aka saba ba wajen kare lafiyar tunanin yara, kuma yawancin yaran ba su ma yi aikin gidan ba. Na kawo wannan ne domin a zaman ƙarshe an ƙarfafa mu mu kai abin cikin azuzuwanmu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani abokin aikina da ya ajiye ƙwayoyin hawan jininsa mako biyu saboda ya ji sauƙi, sai da jiri ya kayar da shi a gona ya koma. Ba wanda ya ce masa ya daina, amma kuma ba wanda ya tsaya ya ce kada kowa ya daina, kuma mai tallan da ya rubuta kalmar magani shi ya kamata ya faɗi hakan da babbar murya.

A mako na shida akwai wunin shiru, daga safe zuwa la'asar ba magana ba kallon ido. An sa shi ranar Lahadi, ranar da kasuwar Gujungu take ci, shi ya sa mu goma sha ɗaya kawai muka zo. Da hantsi, ana cikin zama, wata mata da ta rasa ƙaramar 'yarta lokacin da ɗaki ya rufta a ambaliyar nan ta fara sheshsheƙa, sannan jikinta ya ɗauki rawa har numfashi yana sarƙe mata. Malamar ta yi abin da ya dace a lokacin, ta fita da ita ƙarƙashin darbejiya, ta ba ta ruwa, ta ce ta buɗe ido ta taka ƙasa ta riƙa faɗin abin da take gani, har ta dawo hayyacinta. Laifin yana can baya, domin ranar rajista suna da lambar waya kawai aka karɓa, ba a tambayi kowa ko ya yi rashi mai zafi ko yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa ba. Masu bincike a Jami'ar Brown, cikinsu har da Willoughby Britton, sun wallafa tun 2017 cewa dogon zaman shiru yana iya tono wa wasu tsoro da tsofaffin raunukan zuciya. A yankin da ruwa ya ci gidaje da rayuka, wannan tambaya ita ce ta farko da ta kamata. Ba su kuma zo da wata hanya ta tura mai buƙata gaba ba, alhali akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure da kuma Dawanau. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta zo a ƙasar da likitocin wannan fanni ba su da yawa ko kaɗan, shi ya sa irin wannan aji zai riƙa tara mutanen da lalurarsu ta fi ƙarfinsa ko ya so ko bai so ba.

Wani abu kuma da na riƙa ji yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake maganar damuwa kamar a cikin kai kaɗai take zaune. An ce mana tunani tunani ne kawai, mu bar shi ya wuce kamar gajimare. Wani tunanin haka yake, kamar jayayyata da sufeto. Amma bashin mai taki ba gajimare ba ne, yana da suna yana da shago, kuma yana aiko yaro. Malamin da yake koyar da yara tamanin a aji ɗaya ba natsuwa kaɗai ta yi masa ƙaranci ba. Abin da horon ya yi mini shi ne ya raba mini bashin da kuma biyan bashin a zuci sau ɗari cikin dare, na biyun ya ragu ƙwarai, na farkon yana nan sai da na sayar da tunkiya biyu.

Mu goma sha huɗu muka kammala. Idan aka haɗa kuɗin aji da na acaɓa da data, na kashe abin da ya haura naira 20,000, kuma ban yi da-na-sani ba. Ga wanda damuwar yau da gobe take hana shi barci, ko wanda yake son ya koyi kama hankalinsa a salla da karatu, kuma yana iya ware minti goma zuwa ashirin a kullum, ajin ya cancanci kuɗinsa, musamman idan ya dace da malama mai haƙuri irin tamu, wadda ban taɓa ganin ta ƙosa da tambaya ba. Wanda ya yi sabon rashi, ko yake jin muryoyi, ko tunanin halaka kansa yake zuwar masa, likita ya kamata ya fara gani. Sun ce za su buɗe sabon aji bayan an gama girbi, kuma na rubuta musu takarda na roƙi su bayyana asalin horon tun ranar farko, su raba maza da mata, su tambayi tarihin lafiyar kowa, su cire kalmar magani daga tallansu, su kuma nemi wanda zai sake karanta sautin da Hausar da ake magana da ita. Ba su ba ni amsa ba tukuna.

Ni dai na daina amfani da sautin wayar. Bayan sallar asuba nakan zauna a sahun baya idan mutane sun watse, in bi numfashi har zuciya ta ɗan lafa, sannan in shiga azkar ɗina, gaba ɗaya bai fi rubu'in awa ba. Har yanzu ina shan maganin hawan jini kowace safiya. Daren jiya na farka ƙarfe biyu da lissafin kuɗin man injin ban ruwa, na kama kaina sau uku ko huɗu, kuma kiran assalatu ne ya tashe ni.